Kawu Bello da Gwangwanin Lamba

Ni ne mai laifi, kuma na daɗe da sani. Abin ya faru a bazarar shekarar da agana, wato ciwon 'yan rani, ta shigo ƙasarmu, zamanin Turawa, ina yaro mai kiwon awaki a wani ƙauye tsakanin Bodinga da Shagari. Ran nan da la'asar Kawu Bello, ƙanen mahaifiyata, wanda ke yi wa mutane lambar rigakafi, ya dawo daga bukkokin da aka ware wa masu ciwon a bayan gari. Na ruga zan karɓi jakarsa kamar kullum, sai ya ja da baya. "Tsaya can, ɗana, kak ka taɓa ni." Ya tuɓe rigarsa a bayan danga ya tsoma ta a tafasasshen ruwa, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Da aka kawo tuwo, ya ce a zuba masa nasa daban. A gidanmu kuwa, duk wanda ya ƙi sa hannu a akushi ɗaya da 'yan'uwansa, akwai abin da yake ɓoyewa.

Na shiga sa masa ido. Ta kafar zana na gan shi yana gasa ƙarfen tsagarsa a wuta, yana mayar da shi cikin wani gwangwani da ba ya bari kowa ya taɓa. Na ƙudura a raina cewa ciwon ne a ciki, yana raba wa mutane. Na faɗa wa yara a wurin langa, kafin ranar kasuwa zancen ya kai bakin rijiya. Da Kawu ya zo yin lamba unguwarmu, iyaye suka ɓoye 'ya'yansu a rumbuna. Har da Umaru, abokin kiwona. Agana ta kama shi, ta bar masa ransa, ta tafi da idanunsa.

Kawu bai taɓa tambayar wanda ya fara zancen ba, har ya rasu ban iya buɗe baki ba. Yau mata da ƙafarsu suke kai jarirai rigakafi, babu wanda ke tuna yadda muka guje shi.

Bara na tarar da Umaru a Shagari yana tufkar igiya a zaure. Na durƙusa gabansa da furfurata, na ce, "Malam Umaru, zancen nan da ya sa aka ɓoye ka, daga bakina ya fito. Don Allah ka yafe mani."