Ranar da Muka Kafe a Arewacin Tawa

Safiyar Laraba ce, shekara biyu kafin a sauke tutar Turawa. Kwananmu uku da barin Ƙofar Kware ta Sakkwato, muna zango kusa da wata rijiya a arewacin Tawa, inda gidanmu ya saba sayen shanu. Mu huɗu ne: Baffa Sambo, ƙanen mahaifinmu; yayana Bello, wanda shi ne direban jif ɗinmu; Dikko, makiyayin da ke zaɓar mana shanu; sai ni. Ni na nace a zo da ni. Na karanta ƙananan littattafan hikaya na kasuwa har na ɗauka hamada fagen jarumai ce, ina son in koma da labarin da zan ba yarinyar da nake nema.

Ƙarfe bakwai Yaya Bello na dafa shayi. Guga na kuka a bakin rijiya.

Bakwai da rabi gugan ya yi shiru. Sai ƙarar bindiga, sau biyu, daga gabas. Mahaya raƙuma ne, fuskokinsu a rufe, sun zo kora garke. Shanu suka watse. Dikko ya ruga ya tare su. Na ga ya durƙusa, bai tashi ba.

“Ku shiga mota!” in ji Yaya.

Yana murza makulli harsashi ya same shi a cinya. Duk da haka ya ja mu kusan mil goma, jini na taruwa a takalminsa. Ƙarfe takwas da kwata kansa ya faɗa kan sitiyari. Muka mayar da shi baya, muka ɗaure cinyar da rawanin Baffa. Na karɓi tuƙi, ni da ban taɓa wuce titin gari ba. Asibiti mafi kusa yana Tawa, tafiyar awa uku.

Ƙarfe tara na bar sawun motoci don in yanke hanya. Na shiga kwari mai farin rairayi. Mota ta yi nishi, ta tsaya.

Na taka totur. Ta nutse. Na ƙara takawa. Ta ƙara nutsewa, har cikinta ya zauna a ƙasa.

Mu mutanen shanu ne. In saniya ta kafe a laka, ja ake yi, a tura, a yi mata tsawa. Haka muka yi wa mota. Baffa na turawa yana kabbara, ina ba ta wuta, tayoyi na watsa mana yashi mai zafi a fuska.

Ƙarfe goma Yaya ya buɗe ido.

“Ku sace iskar tayoyin,” ya ce. “Duka huɗu.”

Baffa ya dube ni. “Zafin ciwo ne. Wa ya taɓa jin a fashe ƙafar abin hawa don ya yi tafiya? Kada ka taɓa su!”

Ban taɓa su ba. Ba a yi mini tarbiyyar musu da Baffa ba. Ni ma kuma abin bai shiga kaina ba.

Muka tona da kwanon tuwo, don an sauke shebur a zango. Muka sa jak, ya lume. Muka cusa tabarmi, taya ta tauna su ta tofar. Sha biyu lagireto ya tafasa, muka ba shi rabin ruwan shanmu. Warin ƙonannen kuloci ya cika kwarin. Babu inuwa, babu tsuntsu, sai ƙudaje a kan rawanin da ya jiƙe. A littattafaina dokin jarumi ba ya kafewa. Na zauna na ciji hannuna don kada in yi ihu.

Ƙarfe biyu Baffa ya juya baya ya yi taimama ya ta da sallar azahar. Yaya ya kamo rigata.

“Umaru. Tsinken ashana. Danna bawul ɗin taya.”

Na danna. Iska ta fita tana huci. Ɗaya bayan ɗaya tayoyin suka baje, suka yi faɗi kamar tafin raƙumi. Baffa na ji, bai iya katse salla ba. Na share yashin gaban tayoyin da hannu. Na sa giyar da ke jan ƙafa huɗu.

“A hankali,” in ji Yaya. “Kada ka matsa mata.”

Motar ta girgiza. Ta ɗaga. Ta fita kamar ba ita ba. Duk aikin bai kai rubu'in awa ba. Baffa ya sallame, ya shigo.

Ƙarfe biyar da minti ashirin muka hango rufin kwanon asibitin Tawa. Na waiwaya in gaya wa Yaya. Baffa ya riga ya rufe masa fuska.

A can muka binne shi. Dikko kuwa mutanen rijiya ne suka yi masa sutura. Daga baya muka ji.

Ranar Asabar da hantsi muka shigo Sakkwato, mu biyu. Hauwa, matar Yaya, ta san kukan motar tun daga bakin ƙofar gari. Ta aiko da ruwan sanyi zaure, kofi huɗu a faranti, ta tsaya bayan labule tana jiran sallamarsa.