Ranar da Kawu Ya Riƙe Hoto

Shekarar da jam'iyyarmu ta ce za ta fitar da 'yan takara ta hanyar ƙato-bayan-ƙato, ni ne sakataren mazaɓarmu a Roni. Muƙamin bai wuce riƙe rajistar 'yan jam'iyya da jera benci in za a yi taro ba, amma yadda nake karya hula a lokacin sai ka rantse ni ke naɗa gwamna.

Tsarin ba shi da wuya. Babu ƙuri'a, babu akwati. A kowace mazaɓa wakilin ɗan takara zai ɗaga hotonsa, masu sonsa su yi layi a baya, a ƙirga su a bainar jama'a. Kowa zai ga inda kowa ya tsaya. Ni ma na yaba tsarin a lokacin, har ina cewa yau munafukai sun shiga uku.

Na gwamna aka fara yi. Mutum uku ne suka nema, kuma an sha fama, har a Kazaure wa da ƙani sun daina cin tuwo a kwano ɗaya. Wanda muka bi ya sha da ƙyar. Aka sa na sanata bayan kwana biyu, tsakanin mutum biyu: ɗaya na hannun daman wanda ya ci na gwamna, ɗaya kuma wani dattijo daga wajen Gwiwa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Manomin gyaɗa ne, yakan kuma saro awaki a kasuwar Babura. Siyasa ba ta taɓa ɗaɗa shi da ƙasa ba sai a kan dattijon nan na Gwiwa. Dalilinsa ɗaya ne tak: lokacin da mutumin yake aikin gwamnati, shi ya sa aka gyara kwalbatin da ruwa ke cinyewa duk damina a hanyar gonakinmu. Kawu ya je da ƙafarsa ya karɓo hoton, ya sa kafinta ya manna masa a jikin katako.

Ya kira ni zaure ya ce, "Auta, ni zan riƙe hoton nan. Kai nake so a bayana, na farko. Ka ɗora hannunka a kafaɗata, ka san ƙafar nan ba ta son doguwar tsayuwa."

Na ce, "In sha Allahu, Kawu. Ai ko ba ku faɗa ba."

Ya ce, "Ni kuma ba zan waiwaya ba sai an gama ƙirga. Mai riƙe hoto in yana waige-waige, mutanensa sai su ga bai yarda da su ba."

Ana gobe zaɓe, bayan la'asar, aka tara shugabannin mazaɓu a wani gida a Kazaure. Wani babba a jam'iyya ya yi magana a taƙaice. Ya ce wanda ya ci na gwamna yana son ya tafi da mutuminsa, kuma za a sa ido a ga layin da kowannenmu zai shiga. Da za mu fito ya ja ni gefe ya ce sunana yana cikin waɗanda ake dubawa a takarar kansila. Tun daga Kazaure har gida, a kan babur, ina ta shirya yadda zan faɗa wa Kawu. Da na iso na tarar yana goge hoton da gefen rigarsa, sai na gaishe shi na wuce. Tsoro ne ya hana ni magana, ba wani abu ba.

Da hantsi aka taru a filin makarantar firamare. Kawu ya riga kowa zuwa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗaga katakon ya fuskanci gabas. Da aka ce a yi layi, na sunkuyar da kai na bi ayari zuwa ɗaya layin. Abin takaici, jama'a suka turo ni gaba saboda ni ne sakatare, sai ga ni kusan daura da Kawu, tsakaninmu bai fi taku biyar ba.

Wani maƙwabcinsa Bafulatani, mai kiwo, mutum mara yawan magana, shi ya tsaya a bayansa. Ya ga tsohon yana ɗingisa ƙafa, sai ya dafa masa kafaɗa. Kawu ya ɗauka ni ne. Ina ji da kunnena ya ce, "Yawwa Auta, ka iso? Na ce ko sun riƙe ka da rubuce-rubucenku." Bafulatanin ya dube ni, na kau da kai. Ya bar hannunsa a kafaɗar. Kawu ya ci gaba da hira da shi. Ya tambaye shi ko ya karya, ya ce rana ta fara zafi ya gyara hularsa, ya ce, "Layin ya yi tsawo ko? Kar ka faɗa min, bari dai mu ji daga bakinsu." Na fi rabin awa ina sauraron hirar da ake yi da ni ba tare da ni ba. Taku biyar ne kawai, kuma har aka fara ƙirga ina da damar in yi su. Ban yi ba.

Mai ƙirga ya fara da namu, ya daɗe yana bi yana taɓa kafaɗu. Na Kawu kuwa kafin ka ce me ya gama, tsofaffi ne 'yan kaɗan da matan unguwarsu. Sai a lokacin ya juya. Ya dubi hannun da ke kafaɗarsa, ya dubi mai hannun, sannan ya bi filin da ido har ya same ni. Ya sauke katakon, ya rungume shi a ƙirji, Bafulatanin ya kama shi suka tafi.

Takarar kansilan ma ban samu ba, wani aka ba. Wannan bai dame ni kamar yadda mutane suka zata ba. Na je na durƙusa na ba Kawu haƙuri, ya ce ba komai, siyasa ce. Da ya zage ni, ko ya ɗaga min sanda, da na fi samun sauƙi. Ya ci gaba da amsa gaisuwata, yana aiko wa 'ya'yana gyaɗa duk kaka, amma bai ƙara kirana zaure don wata shawara ba.

Da zaɓen fid da gwani na gaba ya zagayo, na je da safe na same shi a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗar iri. Na tsuguna na ce, "Kawu, bana ku ɗauki hoton duk wanda kuke so. Wallahi ni zan tsaya a bayanku, ko mu biyu ne."

Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka je kawai, Sakatare, kar ka makara."