Ranar da Tsoho Ya Yi Faɗa da Littafi

Tsohona madugu ne. Sau nawa ya kai ayari Bilma ɗauko gishiri, shi kansa bai ƙirga ba. Ni dai in ina ba da labari a fada, majalisarmu ta shan shayi, sau dubu nake cewa. Da idanunsa suka mutu sai bakinsa ya bi su. Wata da watanni yana zaune a zaurenmu na unguwar Dagmanet, daga "yauwa" sai "madalla". Ko fura ya rage sha. Ni da surutuna ke sa raƙumi ya juya baya, na yi ta zuba barkwanci, ko murmushi babu. Tsoro ya fara kama ni.

Sai 'yata ta zo hutu daga Yamai da wani littafin Faransanci mai kaurin kantun gishiri. Ƙagaggen labari ne: wasu baƙi sun zo bisa tsuntsayen tagulla sun ci wata ƙasar rairayi, suka tilasta wa wata budurwa mai jin maganar iska ta nuna masu hanya. Kullum bayan la'asar tana karantawa tana juya mana da Hausa, ni ina dafa shayi. Budurwar nan ta shiga raina. Ranar da aka ƙone garinsu na yi hawaye, na ce hayaƙin gawayi ne.

Ana nan aka zo inda budurwar ta wuce da baƙin kusa da rijiya ta yi gum, ta bar ƙishirwa ta gama da su. Na daka tsalle ina tafi, har na tuntsurar da butar shayi.

"Ƙarya ne!"

Muka waiwaya. Tsoho ne, ya miƙe zaune yana lalubar sandarsa.

'Yata ta ce, "Kaka, garinsu fa suka ƙone."

"Ko uwata suka ƙone! Wanda ya bi bayanki cikin hamadar Tenere, ruwansa a wuyanki yake. Ba a ɓoye rijiya."

"To ai sai su cinye ƙasar!"

"Ke amarya, bokon naki na ado ne? Ki shayar da su, sannan ki yi ta kewaya da su tudu ɗaya har wata uku, sai sun haɗa ki da Allah ki mayar da su gidan ubansu."

Ta ƙi yarda, ya ƙi sakewa. Suka yi ta yi har aka kira magariba. Maƙwabta suka leƙo, suna zaton gado ake rabawa. Ni kuwa ina tsakiya, kaina ya kumbura ya fi hasumiyar masallaci: ga wanda ya haife ni, ga wadda na haifa, kowa da hujjarsa.

Bayan salla ya ce a damo masa fura, mai kauri. Ya shanye ƙwaryar tas, ya goge gemu, ya ce da jikarsa, "Ɗauko biro da takarda. Mai littafin nan bai taɓa jin ƙishirwa ba. Rubuta, mu gyara masa."