Faifan da Aka Tura Golmo

A wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Zuru na fara aiki, a tagar yankan kati. Ni ne kuma mai kula da babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan marasa lafiya, don kawai na taɓa yin kwas a Sakkwato. Gaskiyar magana, rabin kwas ɗin na yi shi ne da littafin soyayya a ƙarƙashin tebur.

Kwamfutar nan ta tsufa. In na shigar da sunan mutum, sai ta yi shiru kamar budurwar da aka tambaya ko tana so. Layi ya miƙe har bakin titi: matan barikin soja, tsofaffi daga Bena da Dirin Daji da suka sha hanya a kan babur, duk idonsu a kaina. Ni nake shan zagin.

Da mai asibitin, wani tsohon soja, ya sayo sabuwa mai faifan ajiya huɗu, sai ya ce in zaɓi yadda za a haɗa su. Hanya biyu ce a gabana. Ta farko, a haɗa faifan biyu-biyu, kowanne da abokinsa mai ɗauke da irin abin da ke cikinsa, sannan a raba musu aiki. Rabin wurin ajiya zai tafi, amma rubutu zai yi sauri, kuma rumbun asibiti kullum cikin rubutu yake. Ta biyu ta fi barin wuri, sai dai kafin a rubuta ko da suna ɗaya, dole faifan ya karanta tsohon bayani, ya yi lissafin kariya, ya sake rubutawa.

Ta farkon ce daidai, kuma na sani. Amma ba saurin ne ya fara sace min zuciya ba. Faifai biyu, sirri ɗaya, in ɗaya ya mutu ɗayan ya rayu da duk abin da suka sani tare! Na yini ina kallon akwatin ƙarfe kamar mai kallon amarya da ango.

Haka na je na zuba wa Oga, wato mai asibitin, zancen masoya. Ya saurare ni yana ɓare gyaɗa, sannan ya tambaya ko asibiti ya buɗe min ko gidan biki. Wurin ajiya yake so, in ji shi, ba ya son a sayi huɗu a mori biyu.

Da na ga soyayya ba ta ci ba, sai na nemo misalin da zai shige shi. Na san mutumin ƙauyukan tudun Zuru ne, kuma a al'adarsu saurayi kan yi shekaru yana yi wa surukinsa noma kafin a ba shi mata.

Na ce, “Oga, tsarin da kake so ai golmo ne. Kafin faifan ya taɓa gonarsa, sai ya gama nome ta suruki.”

Ya ajiye gyaɗar. Fuskarsa ta yi haske irin wanda ban taɓa gani ba. Ya ba ni labarin nasa golmon, da kantar hannunsa, da yadda Mama, matarsa, take kawo masa ruwa tana sunkuyar da kai. Ni kuma, maimakon in dawo da shi kan faifai, sai na gyara zama ina tambaya ko ta taɓa yi masa murmushi a gonar. Har ƙwalla na yi.

Da ya gama ya ce, “Ɗana, wanda bai yi golmo ba ba a ba shi amana. Sa mai golmon nan.”

Na sa. Sabuwar ta fi tsohuwar sauri, amma ranar kasuwa, in rubutu ya yi yawa, sai ta koma jan ƙafa, layi ya sake kaiwa titi. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta tambaye ni me injin yake jira. Na ce mata yana gonar surukinsa. Ta gyaɗa kai, ta ce to a bar shi ya gama, ta koma ta zauna.