Yadda Na Rasa Wurin Zamana a Wasan Poka

A shekarar da iyalina suka koma Kano suka bar ni da rubutun digirina na uku, babu inda nake samun hira da Hausa sai wani gida a unguwar Danau Kota, can ƙasar wajen da nake karatu, ranar Asabar bayan la'asar. Mai gidan wani Alhaji ne da ke sayar wa ɗalibai wayoyi. Mukan zauna a kan kafet mu yi wasan kati na poka. Wajibi ne in bayyana cewa ba caca muke yi ba. Ƙwallon dabino muke zubawa, in an tashi a mayar da shi gwangwani. Da ko sisi ya shiga, da ban zauna ba.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta ɗalibai a lokacin, kuma na ɗauki wasan yadda nake ɗaukar kowane aiki. Na fahimci cewa rabin gwanintar haƙuri ne: ka ajiye kati mara ƙarfi ba tare da ɓacin rai ba, ka jira. Sauran rabin burga ce, wato ka ƙara zubi fuskarka a sake, alhali hannunka babu komai. Ban ɗauki wannan ƙarya ba, tunda baki bai furta ba. Har na fara cinye su.

Sai Alhaji ya gano lagona. Wata rana na tura ƙwallayena gaba ɗaya, ya ƙura mini ido ya ce, "Sakatare, tsakaninka da Allah, akwai wani abu a hannun nan?"

Wanda aka haɗa da Allah ba ya yin shiru, ba ya kuma kwana-kwana. Na ce, "Babu, Alhaji."

Wani ɗalibin injiniya ya kife da dariya yana cewa da salon maganar 'yan ƙasar, "Shi ke nan lah, mun samu makullin Malam!"

Daga ranar, duk wanda na ƙara wa zubi sai ya haɗa ni da Allah. Ni kuwa ban taɓa yi wa kowa haka ba. Da abin ya ishe ni, na ajiye katina na miƙe, na ce sunan Mahalicci ba abin leƙa katin mutum ba ne, kuma abin kunya ne ga masu ilimi da masu furfura.

Alhaji ya ce, "Haba Sakatare, wasa ne fa. Zauna, shayinka zai huce."

Na ce in wasa ne, to a bar shi a matsayinsa na wasa.

Sun daina haɗa ni da Allah, ba zan tauye musu wannan ba. Amma barkwancin ma ya tafi. Kowa sai ya riƙa zuba ƙwallonsa kamar a ɗakin jarrabawa. Ba a jima ba aka sanar da ni cewa an dakatar da wasan, Alhaji ayyuka sun yi masa yawa.

Wata Asabar na shiga benen da gidan Alhaji yake don kai wa wani ɗalibi saƙon ƙungiya. Na tarar da takalmansu jere a ƙofar Alhaji, na san na kowa, dariyarsu kuma tana fitowa har bakin lif. Har yau ina nan a kan maganata, ban ga abin da zan janye ba. Na daɗe a tsaye ban ƙwanƙwasa ba. Daga nan na sauka wurin mamak mai sayar da abinci, na ce a yi mini tapau, wato ƙunshin tafiya gida, na mutum ɗaya.