Yaya Munzali da Alƙawarin Kwatar Kasuwa

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Munzali a nan Riyad. Ni ma'aikaciyar jinya ce a unguwar Shumaisi, mutuwa ba baƙuwata ba ce, amma tasa har yau ta ƙi zama mini a zuciya. Duk ranar da na bi ta unguwar Batha na ga direbobi 'yan Najeriya sun yi cincirindo suna shan shayi bayan sallar Juma'a, sai idona ya shiga neman doguwar hularsa a cikinsu, alhali na san ba zan gan ta ba.

Kafin ya zama direba a ƙasar mutane, Yaya ma'aikaci ne a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukumarmu. Lokacin da kotuna suka fara yanke wa masu ƙananan laifuka hukuncin yi wa al'umma aiki maimakon zaman gidan yari, shi aka ɗora wa sa ido a kansu. Wani shara, wani yasar kwata, wani wankin banɗakin tasha. Mutum ne mai taurin kai na bugawa a jarida, kuma ba ya yarda da labari. Sai ya hau babur ɗinsa ya je ya tsaya a kan mutum. Mukan tsokane shi da cewa ko sunansa aka gaya masa sai ya ce a nuna masa. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce gani ya kori ji.

Abin da ya raba shi da aikin nan bai taka kara ya karya ba a idon manya. Ɗan wan shugaban ƙaramar hukuma ne ya sheƙo da babur yana wasa, ya banke Iya Ladi, wata dattijuwa mai suyar ƙosai a bakin kasuwa. Ƙugunta ya karye, man suya ya ƙone mata hannu. Alƙali ya yanke wa yaron wata guda yana yashe babbar kwatar kasuwa, wadda ta bi ta gaban inda Iya take suya. Dangin yaron sun biya kuɗin magani, amma Iya ta ce ita ba wannan ne damuwarta ba. So take ta ga yaron da idonta a cikin kwatar nan da shebur a hannu, ta san cewa ita ma mutum ce a garin. Yaya ya ce mata, “Iya, in Allah ya yarda za ki gan shi.”

Ranar da za a fara, jikokinta suka ɗauko ta suka ajiye a kan tabarma. Sai ga wani lebura sanye da rigar masu hukunci, an biya shi ya yi a madadin yaron. Ashe haka aka saba, mai hali ya yi laifi, talaka ya shiga kwata, a rubuta an cika hukunci. Yaya ya cire wa leburan rigar da hannunsa ya ce ya tafi gida, ba shi ya kaɗe kowa ba. Washegari aka turo wani, ya sake kora. Iya kuwa kullum tana nan a kan tabarmarta tana jira.

Ya kai ƙara wurin shugaban sashe, ya kai gaba. Sai aka ce za a binciki sashen baki ɗaya, har da kuɗin da ake warewa don kula da masu hukuncin. Aka ɗauko masu binciken kuɗi daga babban birnin jiha, aka kama musu otal, aka yi ta zama ana tashi. Mutanen gari suka ce abin da aka kashe wa baƙin nan ya isa a gina kwatar da siminti tun daga kasuwa har rafi. Da suka tashi tafiya, ba su ga laifin kowa ba sai na mutum ɗaya, wai ya hana aikin hukuma tafiya. Aka dakatar da Yaya har sai yadda hali ya yi. Wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. An ba kura ajiyar nama, sannan an kama akuya da laifin kuka.

Da zaman ya yi tsawo, ga iyali, sai ya samu bizar tuƙi ya biyo ni nan. Ya yi wa wani kamfanin kayan gini aiki, kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi, bai taɓa kuka da shi ba. Ranar hutunsa yakan zo gidana ya ci tuwo, ya yi ta faɗa da 'ya'yana don sun fi jin Larabci a kan Hausa. Amma hira ba ta nisa sai ya dawo kan kwatar nan. Duk wanda ya sauka daga garinmu, kafin ya tambaye shi lafiyar gida sai ya tambaya ko yaron ya shiga. Na taɓa ƙosawa na ce, “Haba Yaya, ka bar wa Allah mana!” Ya dube ni ya ce, “Na bar masa, Binta. Amma da bakina na yi wa tsohuwar nan alƙawari.”

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, farat ɗaya. Abokansa na Batha suka yi masa sutura, aka binne shi a nan. Mata ba sa bin gawa maƙabarta a garin nan, kuma ba a rubuta suna a kan kabari, don haka ban san takamaimai inda yake kwance ba. Bai samu ya sauke farali ba. Mutanen kirki suka ba ni shawara a biya wani ɗalibi ya yi masa aikin Hajji, malamai sun ce ya halatta, ni ma ban musa ba. Amma mutumin da ya rasa abincinsa saboda ya ƙi yarda a yi hayar wani a madadin wani, ina zan iya? Na ɗauki hutu na je na yi masa da kaina.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yaron nan yanzu babban mutum ne, ana tashi tsaye in ya shigo. An sake kawo masu bincike, an sake kama otal, ba wanda ya fito ya gaya wa mutanen gari abin da aka gano. Kwata tana nan a toshe, kowace damina sai ruwa ya shiga rumfuna. Na san ba zai yi mamaki ba, sai dai ya nemi makullin babur.

Bara da na je gida, na nemi Iya Ladi. Tana nan da ranta, ta daina suya, ido ya yi rauni. Da na faɗi ko ni wace ce, sai ta laluba ta kama hannuna da hannun nan mai tabon ƙuna. Ta gaya mini abin da Yaya bai taɓa faɗa mini ba. Ana gobe zai taso Saudiyya ya je gidanta, ya cire takalmi, ya durƙusa a ƙasa ya ce, “Iya, na yi miki alƙawari na kasa. Ki yafe mini.” Ta ce tun daga ranar da aka kaɗe ta har yau, shi kaɗai ne daga hukuma ya taɓa zuwa ya yi mata bayani.

Bai bar wa iyalinsa gida ba, bai bar musu fili ba, sunansa ma ba a wanke ba. Abin da ya bari ke nan, tsohuwa guda da take sa shi a addu'a kowace asuba. Ina shirin tashi ta tambaye ni a ina kabarinsa yake, ko jikanta zai ziyarta in Allah ya kira shi aikin Hajji. Na ce, “Iya, ni ma ban sani ba.” Ta ce, “Ba komai, 'yata. Wanda zai yi masa sakayya ya sani.”

Allah ya jiƙan Yaya Munzali, ya sa ya huta.