Fumie da Jan Ruwan Rami

A kan dutse aka haifi Oikawa Fumie, a garin masu haƙar farar wuta da ke arewacin Japan, lokacin da garin ke da gidan sinima da makarantu. Tana budurwa kamfani ya rufe ramin, mutane suka yi ta sauka da komatsansu har gidaje suka koma kufai. Ruwan sama kuwa bai fasa shiga ta tsagogin dutse ba. Yana fitowa ja, da tsami kamar ruwan batir, ya gangara rafin da manoman shinkafa na kwari ke ban ruwa da shi. Dole hukuma ta gina ma'aikata a bakin ramin, a riƙa zuba wa ruwan farar ƙasa ta kashe tsamin kafin a sake shi.

Nan Fumie ta samu aiki a ɗakin gwaji. Kullum da safe takan ɗebo ruwan a kwalba, ta ɗiga masa maganin launi, ta ajiye ƙarƙashin wani dogon bututun gilashi cike da ruwan soda. Sai ta murɗa bakin bututun kaɗan, soda na sauka ɗigo-ɗigo, tana kaɗa kwalbar. Ruwan ya yi ta shanyewa kamar ba a zuba masa komai ba, can ɗigo guda ya juya shi ruwan hoda. Yawan sodar da ya sha ke nuna yawan farar ƙasar da za a zuba ranar.

Mai kula da rumbun farar ƙasar shi ne Tokuji, wani gajere mai barkwanci wanda girarsa kullum fari fat take da ƙura. Shi ta aura, suka haifi ɗa ɗaya, Noboru. Ko bayan aure bai daina leƙo kansa ta tagar ɗakin gwaji ba.

"Uwar ɗakina, yau buhu nawa kika yanke wa bawanki?"

"Fita min da ƙurarka, Baban Noboru, kada ka ɓata min kwalba."

Wata shekara ƙanƙara ta narke gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki, daidai lokacin da aka gama dashen shinkafa a kwari. Fumie ta gwada ruwan, ya sha soda ninkin abin da ya saba. Ta wanke kwalba ta sake, haka dai. Ta fita da kanta ta gaya wa Tokuji a ninka.

"Bututun da ke kai farar ƙasar cikin ruwa tsoho ne, kin sani," in ji shi.

"Na sani. In ba a ninka ba, gobe babu tsiro ko ɗaya a kwari."

Aka ninka. Kafin tsakar rana kunun farar ƙasa ya toshe bututu. Tokuji ya ɗauki sifana ya shiga. Tabarau na kariya ya yi masa hazo, ya tura shi goshi don ya ga noti, sai mahaɗar ta ɓalle a fuskarsa.

Fumie ce ta durƙusar da shi gaban famfo, ta buɗe masa idanu da yatsunta tana kwarara ruwa. Yana ta ce mata ya isa haka, ba ta saurare shi ba. Ta fi kowa sanin cewa farar ƙasa ta fi tsami mugunta a ido, domin ba ta tsayawa a sama, ciki take ci. Kafin mota ta sauka da shi asibiti, baƙin idonsa ya koma kamar dafaffen ƙwai. Sauran ma'aikata suka gyara bututun ranar. Shinkafar kwari ta yi kyau a shekarar, manoman ba su ma ji labari ba.

Tokuji ya dawo gida makaho. Sau ɗaya tak ya ɗauko zancen, tana sa masa sandunan cin abinci a hannu.

"Awon naki daidai ne?"

"Daidai ne."

"To shi ke nan. Miƙo min miyar, tsohuwa, kada ki shanye don ba na gani."

Noboru ne bai yafe ba. Ranar da zai tafi birni neman aiki ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaura takalmi, ya ce, "Mama, da kin rage kaɗan, wa zai sani?" Daga nan sai sabuwar shekara yake kira, shi ma babansa yake nema.

Ta ci gaba da hawa dutsen. Da safe ta ajiye wa Tokuji dunƙulen shinkafa da shayi a inda hannunsa zai kai, ta kunna masa rediyo, ta bi motar ma'aikata. Wanda ya gaji rumbun ba ya leƙo ta taga. A waya take gaya masa adadin. Gab da ritayarta aka kawo na'urar da ke awon da kanta. Ta tambayi injiniyan da ya zo kafa ta yaushe dutsen zai daina zubar da tsami. Ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya, Inna, jikokin jikokinmu ma za su zuba masa farar ƙasa."

Tokuji ya rasu cikin hunturu, huhunsa ya daɗe da cika da ƙura. Noboru ya zo, aka ƙone gawar bisa al'adarsu, ya kwana biyu ya koma. Ya ce ta biyo shi birni, amma bai maimaita ba, ita ma ba ta ɗauki maganar da nauyi ba. Ta kama ɗaki a garin kwari, kusa da tashar mota. Maƙwabtanta manoma ne, sukan aiko mata da sabuwar shinkafa a kaka saboda tsohuwa ce mai zaman kaɗaici. Takan sunkuya ta yi godiya, ta dafa, ta ɗiba a ƙaramin kwano ta ajiye gaban hoton mijinta, sannan ta ci sauran.